Lambar da Irimiya Ya Haddace

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da na Maman Goodness a Chanchaga, kuma gajeriya ce. Tun ina ƙarama ƙarar tsintsiyarta nake fara ji da safe kafin in ji muryar kowa a gidanmu. Ainihin sunanta Alisabatu, amma ban taɓa jin wanda ya kira ta da shi ba sai faston cocinsu. 'Yar wani ƙauye ce a bayan Kuta. Aure ne ya kawo ta Minna. Mijinta, Baba Josiah, mai gyaran famfo ne, ya rasu ya bar mata 'ya'ya biyu: Goodness, da ƙaninta Irimiya, wanda ta girme wa da shekara tara.

Doya take sayarwa a bakin titi, kuma a doya ta koyi yawancin abin da ta sani. Takan ɗaga ɗaya ta ƙwanƙwasa da farce, ta shinshina kan, ta faɗa maka ko za ta kai wata biyu ko mako biyu. Kowace shekara tana ware mafi kyau ta ajiye a matsayin iri, don 'yan'uwanta na ƙauye. Tana jera su a inuwa a bayan ɗakinta, ta rufe da ciyawa, kuma ba wanda ya isa ya taɓa, ko ana yunwa a gidan. A wurinta abu mai daraja ba a yawan taɓa shi. Kwanukan aurenta suna nan cikin kwali har yau, ba a taɓa zuba musu miya ba.

Irimiya tun yana yaro ƙafarsa ba ta zama wuri ɗaya. Ya taɓa bin wasu masu ganga har ya ɓata a kasuwa, aka yi wuni ana nema. A shekarar ce Goodness ta shiga makarantar koyon jinya ta sayi wayarta ta farko, sai ta tilasta masa haddace lambar. Ba ta ba shi naman miyarsa sai ya karanto ta ba kuskure. Daga baya ya mayar da ita kamar waƙar makaranta, yana rerawa yana ɗiban ruwa. Ni kaina ta kan katanga na haddace ta.

Yana da shekara ashirin da biyu ya bi abokai haƙar zinariya. Da farko nan kusa ne, daga baya aka ji ya tsallaka iyaka, wai yana wani daji a ƙasar Mali. Wayarsa ya sayar a hanya. Tun daga nan sai dai ya ari ta wani ya kira, bayan wata uku, wani lokaci biyar, kuma kiran ba ya wuce minti ɗaya. Kullum lambar Goodness yake kira. Maman tana da tata wayar, amma sau biyu ana sace mata a kasuwa tana canza layi, kuma duk lokacin da aka ce ya rubuta sabuwar lambar sai ya yi dariya ya ce ba shi da biro a rami, wadda ke kansa ta ishe shi.

Lokacin da Goodness ta samu aikin jinya a Ingila, Irimiya ya yi wata takwas bai kira ba.

Kwana uku ina jin uwa da 'ya suna jayayya a kan sim ɗin wayar Goodness, a hankali, kamar yadda suke yin komai. Goodness tana so ta tafi da lambarta. Shekara goma sha biyu tana tare da ita, duk wanda ya san ta da ita ya san ta, kuma ta tambaya an ce mata layin zai iya aiki a can. Maman ta tambaye ta ina wayar take zama idan tana wurin aiki. Goodness ta ce a akwatin ajiya, don ba a shiga ɗakin marasa lafiya da ita. Awa nawa? Sha biyu.

"To idan ya kira a cikin sha biyun nan, akwatin ne zai amsa masa?"

Nan maganar ta ƙare. Goodness ta sayi ƙaramar waya mai maɓalli ta sa sim ɗin a ciki. Ina tsaye a tsakar gidan na kawo mata man shafawa da Innata ta aiko, na ji ta yi wa Maman bayani sau biyu: duk wata a sayi kati a sa wa layin, a ɗan kira wani da shi, don kada kamfani ya ɗauka ba mai shi. Maman ta ce ta ji. Ta ɗinka wa wayar jakar atamfa mai igiya ta rataya a wuya, a ƙarƙashin riga.

Ranar Lahadin farko bayan tafiyar ta miƙe a taron mata na coci ta roƙi kowa ya goge tsohuwar lambar Goodness. Ta bi 'yan'uwa na Kuta da saƙo iri ɗaya. Dalilinta a fili yake: idan wani ya kira don gaisuwa, a daidai wannan minti Irimiya yana iya kira ya tarar ana magana, kuma mai aron waya ba ya samun damar gwadawa sau biyu. Mutane suka ji tausayinta suka bi umarninta. Wayar ta yi shiru, kuma shirun yana kwantar mata da hankali, don a ganinta hanya a buɗe take.

Idan an ɗauke wuta gidanmu take kawo caji, saboda Babana ya sa sola. Ba ta barin wayar ta tafi. Takan zauna a kan tabarma kusa da soket, hannunta ɗaya a kan jakar, suna hira da Innata a kan tsadar mota daga Kuta. Abin da take dubawa a fuskar wayar ɗaya ne, ɗan hoton batir. Idan ya cika sai ta ce, "Ta ƙoshi," ta mayar wuya. Duk ranar Asabar Goodness tana kiran wayata ta bidiyo in kai mata. Tambayar farko ba ta canzawa: wayar tana nan? Tana nan. Ana sayen kati? Ana saye, ko wata ɗaya bai wuce ba.

Akwai abin da na gani wajen wata na bakwai. Na karɓi wayar zan sa mata caji, sai na lura babu sandunan sabis a saman fuskar, ko ɗaya. Na ce a raina unguwarmu ce, dama sabis yana zuwa yana tafiya. Bayan mako biyu na sake gani haka. Na buɗe baki zan yi magana, sai ta miƙo hannu ta karɓe da sauri, kamar yadda take yi idan mai saye ya cika jujjuya doya. Na yi shiru. Na gama jami'a a lokacin, na san abin da hakan zai iya nufi, amma na ji nauyin in ce wa tsohuwa ba ta iya riƙon amanar 'yarta ba. Har yau wannan shirun yana damuna.

Haka aka shekara, aka ɗora wata biyu. Maman ta rame. Ta daina zuwa sarin doya da kanta, don hanyar Kuta akwai wuraren da sabis ba ya kaiwa. A coci tana zama kusa da ƙofa. Ko wanka za ta shiga sai ta rataye jakar a ƙusa a cikin banɗakin.

Ni ban goge lambar ba, tana nan a wayata da sunan Anti Goodness. Wata ranar Talata da hantsi ina neman sunan wata ƙawata a WhatsApp, sai na ga hoto ya bayyana a jikin tsohuwar lambar. Injin ban-ruwa ne ja, wani mutum mai hula ya dafa shi da ƙafa ɗaya. Na daɗe ina kallo. Sannan na shiga ɗaki na rufe ƙofa na kira. Kiran ya shiga. Ta taga ina hango Maman a tsakar gidanta tana tsintar wake, jakar a wuyanta, ba abin da ya yi ƙara. Namiji ya ɗauka, ana buga ƙarfe a bayansa. Na kashe.

Innata na fara faɗa wa, ita ta raka ni. Maman ta saurare mu har ƙarshe ba ta katse mu ba. Ta ce ba zai yiwu ba, wayar ba ta taɓa mutuwa ba ko sau ɗaya, kati kuma ba ta taɓa fashi ba. Ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin madara ta buɗe a gabanmu. Katuna ne a ciki, a jere, an ɗaure da zare, ba a kankare ko ɗaya ba. Ta ce kowa ya san idan ka sa kuɗi a waya ka bar shi, kamfani yana tsotsewa kaɗan-kaɗan. Shi ya sa ta adana su a nan, ranar da Irimiya ya kira sai a zuba duka a bi lambar a kira shi, su yi magana har su gaji.

Innata ta juya fuska. Ni kuma na rasa inda zan sa idona.

Washegari muka je ofishin kamfanin, ni da ita. Muka yi layi har azahar. Budurwar da ke kan tebur ta duba kwamfuta ta yi mana bayani da ladabi: layin ya daɗe ba a kira da shi ba, ba a kira shi ba, ba a sa masa kati ba, don haka aka rufe shi tun watanni, daga baya aka sake sayar da lambar. Yanzu ta wani ce, da sunansa da hoton yatsunsa. Ba za ta iya faɗa mana ko wane ne ba. Maman ta ajiye gwangwanin a kan tebur ta tura mata. Budurwar ta ce katunan suna da kyau, za su yi aiki a wani layin.

A cikin keke muna dawowa ta yi tambayar da nake tsoro. A watannin da layin yake rufe, idan mutum ya kira, me zai ji? Na ce za a ce masa lambar ba ta aiki. Ta gyaɗa kai.

Da la'asar ta ce in kira mutumin in sa a lasifika. Ya ɗauka da faɗa. Ya ce idan Goodness ake nema ba ya nan, ba ta nan, bai san ta ba, mako biyar ke nan da ya sayi layi da kuɗinsa ana damunsa. Maman ta gaishe shi, ta tambayi aiki, ta tambayi iyali, har ya sassauto. Sunansa Ndaceko, yana gyaran injin ban-ruwa a Wushishi. Ta ce tana so ta zo ta gan shi. Ya ce a kan me? Ta ce maganar ba ta waya ba ce.

Ranar Alhamis muka shiga mota da sassafe. Ta je bayan ɗaki ta ɗaga ciyawa ta zaɓi doya biyar daga cikin irin, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Shagon yana bakin hanya, rumfar kwano ce, ƙasa duk baƙin mai. A jikin bangon an rubuta sunansa da sabon fenti shuɗi, a ƙasa kuma lambar, manya-manya. Maman ba ta karatu, amma ta san lambobi. Ta tsaya tana kallon bangon, leɓɓanta suna motsi.

Ndaceko zai kai shekara arba'in da biyar, gajere, mai yawan magana. Da ya ji ni 'yar mutanen Bida ce sai ya juya harshe zuwa Nufanci yana tsokanata, wai 'yan Minna mun manta gida. Ya ba Maman benci ya share da hularsa. Amma da ta roƙe shi ya sayar mata da sim ɗin, ya ce a'a kai tsaye. Rani ne, manoman fadama duk wannan lambar suka sani, ya raba ta har ƙauyuka, mai fenti ma bai daɗe da tafiya ba. Kuma layin da sunansa yake, gobe wani abu ya faru shi za a nema.

"Mama, ki roƙe ni injin ma in ba ki aro. Wannan kam ba zan iya ba."

Sai ta ba shi labarin Irimiya, tun daga masu ganga har zuwa ramin zinariya. Yana ji yana goge sufana da tsumma, a hankali hannunsa ya tsaya. Ya ciro waya ya yi ta ja da yatsa. Ya ce akwai wata doguwar lamba da ta kira shi, mako uku da suka wuce, yana cikin fadama. Layin yana ta ƙara kamar ana soya abu. Wani ya ce, Yaya Goodness, ni ne.

Maman ta tambaye shi me ya ce masa.

Ya sunkuyar da kai. "Na ce masa ba lambarta ba ce, kada ya sake kira."

Na ɗauka za ta faɗi. Sai ta dafa benci da hannu biyu ta ce, "Ashe yana da rai." Ta maimaita sau biyu. Bayan haka fuskarta ta sake ɗaurewa, don ta gane ɗaya rabin maganar: yaron da bai san wata lamba a duniya ba an ce masa kada ya sake kiran wannan. Ndaceko ya nemo doguwar lambar ya bi ta sau huɗu a gabanmu. Ba ta shiga ba.

Ba ta yi masa faɗa ba. Ta gyara zama ta fara koya masa aiki, kamar sabon ɗan kasuwa. Idan doguwar lamba ta kira, kada ya yi sallama, kada ya tambayi wane ne, babu lokaci. Ya ce, uwarka tana nemanka, ga lambarta. Sannan ya karanto lambar wayarta uku-uku, ba da sauri ba, don yaron ba shi da biro, da kunne yake kamawa. Ta sa shi ya maimaita har sau shida. Ya yi kuskure a na uku ta ce a sake daga farko. Ya ce rabonsa da irin wannan tun makarantar allo, kuma malaminsu ma bai kai ta tsanani ba. Daga ƙarshe ya ɗauko ragowar fentin ya rubuta lambar Maman a jikin ginshiƙin rumfar, daidai inda yake zama. Doyar kuwa ya ƙi karɓa sai da ta ce ba ta ci ba ce, iri ce, ya shuka. Ya karɓi biyu.

Da Asabar ta zo na kai mata kiran Goodness. Na bar su na koma bakin ƙofa. Na ji Goodness tana kuka tana cewa laifinta ne, da ta sa ni a kan maganar katin tun farko. Maman ta ce ba laifin kowa ba ne sai nata, ta riƙe abin da kyau ne har ya mutu a hannunta. Goodness ba ta ƙara tambayar lambarta ba. Abin da take tambaya yanzu shi ne ko mutumin Wushishi ya kira.

Mako bakwai bai kira ba. Maman tana so ta kira shi kullum, tana kuma tsoron ta tare layin, sai ta tsayar da ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, minti ɗaya. Yana ɗauka yake cewa, "Mama, shiru ne," ita kuma ta ce Allah ya yi albarka, ta kashe. Tana fargabar ya gaji da ita, ko wayarsa ta faɗa ruwa a fadama, ko ya ga wani layi mai araha ya canza. Ta taɓa tambayata ko masu gyaran inji suna yawan barin gari.

Wata ranar Litinin da rana tsaka, tana bakin titi wurin doya, Ndaceko ya kira ta. Ni ina gida, ita ta zo ta faɗa mana, ta bar kayan a hannun maƙwabciyarta. Ya ce mata doguwar lamba ta kira shi, wata daban. Ndaceko yana ƙarƙashin inji, ya ɗauka da hannun mai, ya faɗi abin da aka koya masa. Ya karanto lambar sau biyu. Muryar ta ce, Mama lafiyarta ƙalau? Ya ce ƙalau, maimaita lambar. Yaron ya maimaita, wai har da ɗan rerawa, kuma daidai ya faɗa. Sai layin ya yanke.

Yau kwana goma sha tara ke nan. Wayarta ta kasuwa ce yanzu a cikin jakar atamfar, tsohuwar kuma tana cikin kwalin kwanukan aure. Ta sa na kankare katunan gwangwanin na zuba mata a layinta, na nuna mata sandunan sabis, ta koyi duba su kafin batir. Ta koma coci ta ce wa matan su riƙa kiranta, amma su gajarta.

Kowace safiya, da ta gama shara, wayata takan yi ƙara. Ina jin muryarta ta waya, ina kuma jin ta ta kan katanga.

"Aziza, ya shiga?"

"Ya shiga, Mama."

"To kashe, kada ya kira ya tarar muna magana."